Korayen da Na Cire a Cikin Mai Lalle

"Wai ke Turai wace irin mace ce? Shekara guda cur ɗan mutane yana cinye tayar babur tsakanin Birnin Kudu da Basirka, ko fura ba ki taɓa dama masa da hannunki ba. Me ya yi miki?"

Batulu ke nan, ƙanwar maigidana. Ko mayafi ba ta sauke ba ta tsaya a kaina ina tankaɗe.

Na ce, "Sannu da zuwa, gwaggon yara. Zauna mana, tabarmar ba ta cizo."

"Ba zama ya kawo ni ba. Zahara'u shekararta ashirin. Sa'o'inta kowacce da goyo, wata har da na biyu. Allah ya kawo mata ma'aikacin gwamnati, ga albashi ga salla, ke kuma kin tsaya kina shinshina shi kamar nonon kwana."

"To ai nonon kwana sai an shinshina."

"A kan me? A kan shinkafa! Shinkafar da yanzu ko a gidan suna kunyar dafa ta ake. Je ki kasuwar Gwaram ki ga buhunan da mota ke saukewa daga ƙasar waje, fara tas, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi. Wa zai auri mace don jar shinkafarki? Shi kuma Yaya Dabo ya zuba miki ido."

Na ci gaba da tankaɗena. Amma ku masu karatu bari in gaya muku abin da ke ƙasa, don kada ku ce tsohuwar nan mugun hali ne da ita.

Ni ina da wata shinkafa da na gada a wajen uwata, ita ma a wajen tata uwar. Mai Lalle muke ce mata. Tun tana tsiro ganyenta da gindinta ja ne mai duhu, kamar tafin amarya da aka kwance wa ƙunshi. A fadamar Basirka kaf in ka hango jar gona, to tawa ce. Kuma ba don ado muke riƙon ta ba. Akwai wata muguwar ciyawa da muke kira shinkafar tsuntsu, kamarta ɗaya da shinkafa, ba ka gane ta sai ta girma ta shanye gona ta zubar da 'ya'yanta a ƙasa. Masu koriyar shinkafa kuka suke da ita kowace damina. Ni kuwa? Ina shiga gona, duk abin da na ga ya fito kore, na san ba ɗan gida ba ne, sai in tumɓuke. Haka uwata ta koya mini tun ban fi zangarniya tsawo ba.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta sa aka sauko da gorar da irin yake ciki, ta ɗora hannuna a kai. Ta ce, "Turai, ba a sayar da irin nan, ba a ba namiji. Ba ya barin gonarki sai a cikin kayan ɗiyarki ranar da za a kai ta ɗaki. Ki ce kin ɗauka." Na ce na ɗauka, Allah ne shaida. Ko sayarwa zan yi sai na turara ta tukuna, turararriya kuwa ba ta tsira. Shekarar fari, da muka koma cin tafasa da dusa, maigidan da bakinsa ya ce a sauko da gorar nan. Na ce sai dai a sauko da gawata. To kun ji matsayinta. Kuma ɗiya mace ɗaya Allah ya bar mini, Zahara'u, sauran duk maza ne.

Shi kuma Malam Sada mutumin ƙasar Katsina ne, ma'aikacin binciken shuka daga can Zariya, an ajiye shi a Birnin Kudu. Daminar bara yana wucewa a babur ya hango gonata, ya ci burki har ya kusa faɗawa kwalbati. Na same shi tsugune da wandon ma'aikata cikin taɓo, yana shafa ganye kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

Ya ce, "Inna, wannan gonar wa ce?"

Na ce, "Ta mai ita ce. Lafiya?"

Ya yi ta zuba. Bakatsine da baki! Wai kowane hali na shuka, tsawo ne, launi ne, yawan 'ya'ya ne, yana da gidansa a cikin ƙwayar iri, kamar gidaje a unguwa. Waɗanda suke maƙwabtan juna tare suke bin gado. Shi so yake ya zana taswirar unguwar, ya gano gidan jan launin nan, da wa da wa yake katanga ɗaya. In ya gano, sai a sa jan a jikin shinkafa mai yawan haihuwa, kowane manomi ya huta da shinkafar tsuntsu. Ya roƙi cikin tafi ɗaya na iri.

Na ce babu.

Bai yi fushi ba. Ya bi ta wajen maigidan, suka sha hira a zaure, aka dawo mini da wata dabara: a ba shi aron kusurwar gonata, ya yi aikinsa a nan, ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita ba. Na duba alkawarina na ga bai hana wannan ba, na yarda. Ya dasa tasa, wata gajeriya koriya. Da suka yi fure ya zo da ɗan almakashi kamar na wanzami, ya buɗe furen tasa, ya kaɗa garin furen tawa a ciki, ya rufe da jakar takarda. Ya ce, "Inna, na ɗaura musu aure."

Na ce, "Ba waliyyi ba goro? To Allah ya sa ba mu yi zunubi ba."

Abin da auren ya haifa aka shuka da rani a bakin rafi, maigidan yana ba su ruwa da jigo. Duk suka fito ja, ko ɗaya ba kore. Na ce masa, "Ka gani? Jinin gidanmu ya fi ƙarfi." Ya yi dariya ya ce saura jikoki, a wajen jikoki ake ganin gaskiya. Wannan ita ce hira ta ƙarshe da muka yi da shi baki da baki, ku riƙe wannan.

Don me? Don ana gama girbin rani ya sake roƙon iri, na sake cewa babu. Ranar Alhamis ce, ba na mantawa. A ranar maigidan ya gaya masa dalili, cewa irin nan sai a kayan amarya yake fita. Juma'a ta sama sai ga babur a ƙofar gida. Ba takalmin roba, ba littafi. Farar shadda, hula zanna, da ƙunshin sabulu mai ƙamshi da turare ɗan goma, wai ana sallama da Zahara'u.

Ku gaya mini tsakani da Allah, in ku ne ba za ku ƙirga kwanakin ba? Kwana takwas! Wata tara yana shiga gonar nan, yarinyar tana kai abinci tana dawowa, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba. Sai da ya ji inda gorar za ta bi.

Ita kuwa ta faɗa sonsa. Zahara'u ta gama firamare, tana koya wa matan aure yaƙi da jahilci a gidan mai unguwa, manema uku ta kora da cewa ba su san komai ba sai farashin buhu. Amma in ta ji ƙarar babur ɗin nan sai ta zubar da abin da ke hannunta. Atamfarta mai ganyen kuka da ta ajiye don salla, ta ɗinke ta. Kwalli har kunne. Ɗankwali sai an ɗaura an kwance sau uku a gaban madubi. Manyansa suka zo daga Katsina aka yi gaisuwa, aka sa rana bayan kaka. Daga nan ya zama suruki, ni da shi sai kunya. In na hango shi a hanyar fadama sai in ratse ta cikin dawa. In ya shigo gaisuwa yana daga soro, ina daga bayan ƙyaure, "Ina kwana" "Lafiya lau", shi ke nan.

Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: na sa masa ido kamar shaho, ban taɓa kama shi da ko zangarniya ɗaya a aljihu ba, alhali da ya so da ya ɗauka. Amma zuciyata ta ce, wanda ya san za a kai masa tukunya har gida, me zai sa ya lashi murfi?

Ku 'yan zamanin waya ba ku san jiran wasiƙa ba. In aiki ya riƙe shi, direban kiya-kiyar Gwaram yake ba wa, shuɗin ambulan. Ni allo na yi, boko ko harafi ban sani ba, maigidan ma haka. Na kafa doka, duk wasiƙar da ta shigo gidan nan a gabana za a karanta. Sai ta zauna a bakin gadona tana karantawa tana rufe fuska.

"Zuwa ga hasken idona Zahara'u. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda nake. Kullum kina raina. Shin ruwa ya kwanta a kusurwar gabas? A duba mini ko turakun da na kafa suna nan. In awaki suna shiga a ƙara ƙaya. Ki tambayi Baba ko an ga tsutsa..."

Na ce, "Tsaya. Hasken idon layi nawa ya samu?"

"Kai Inna!"

"Na ji biyu. Turaku da awaki sun samu goma."

"Aikinsa ne fa. So kike ya yi ta rubuta mini waƙa kina ji?"

To a wannan hali Batulu ta same ni ran da ta zo faɗan nan. Damina ta zauna, Sada ya shuka jikokin a kusurwarsa, layi-layi, kowane layi da turke da lamba, kusan ɗari takwas in ji Zahara'u. Ko tsirowa ba su gama ba aka kira shi Zariya. Batulu kuma ba faɗa kaɗai ya kawo ta ba, ɗiyarta ce haihuwa ta zo da gardama aka kwantar da ita a babban asibitin Birnin Kudu, tana son Zahara'u ta je ta taya ta jinya tunda ita ke jin bakin ma'aikata. Suna fita ta juyo ta ce, "Ki ji tsoron Allah, Turai. Zato zunubi ne ko ya zama gaskiya."

Wannan kalma ta zauna mini. Na yi salla na kasa tashi daga kan buzu. Na ce, Turai, yaron nan bai taɓa yi miki ƙarya ba, bai taɓa ɗaukar miki tsinke ba. In mutuwa ta zo miki yau, me za ki ce kin riƙe shi da shi? Na yi istigfari, na ƙudurta zan gyara.

Washegari direba ya aiko da shuɗin ambulan. Mai karantawa ba ta nan. In kai wa hedimasta ya karanta mini "hasken idona" a gaban mutane? Allah ya kiyaye. Na buɗe kwalla ta uku a jeren kwanukana na saka, na rufe.

Da safe na tafi fadama. Na gama da tawa, na leƙa kusurwarsa. Kore! Ko'ina kore, kamar an yayyafa. In ka ƙirga ja uku sai ka ga kore ɗaya ya miƙe a tsakaninsu, cikin layi sosai, ba kunya. Na ce wayyo, shinkafar tsuntsu ta cinye wa yaron nan aiki. Kusurwar dama gangare ce, duk abin da ruwa ya kwaso nan yake zubewa. Ya ɗan zo mini a rai cewa uwarsu ta fari koriya ce. Amma na ce, 'ya'yan duk ja suka fito da idona na gani, jikoki ta ina za su yi kore? Ana gadon abin da uba da uwa ba su da shi?

Na ɗaure zani, na yi bisimilla, na ce ya Allah wannan don kai, ka wanke mini zaton da na yi wa bawan nan. Safiya biyu na yi a duƙe, bayana kamar zai tsage. Ban bar ko ɗaya ba. Na tattara na ɗauro a kai na zuba wa awaki. Da na tsaya a kan kunya na duba, kusurwar ta yi ja wur, tsaf, kamar gonar uwata. Har na ji daɗi a raina. Na ce in ya dawo ba sai na yi magana ba, aikin zai gaya masa na karɓe shi.

Kwana biyar Zahara'u ta dawo, an sauka lafiya, namiji. Ko ruwa ba ta sha ba na miƙa mata wasiƙar, ina murmushi. Ta zauna ta fara.

"Zuwa ga hasken idona. Ina sauri ne, mota za ta tashi. Yanzu jikokin sun isa fitowa. Za ki ga wasu ja wasu kore, kada ki tsorata, haka ake so. Koren kakarsu ne da ya ɓuya a jikin iyayen, yanzu zai fito. Don girman Allah ki gaya wa Inna kada a cire ko ɗaya, musamman korayen, don na san al'adarta. Ni nauyinta nake ji shi ya sa ban faɗa mata ba. Sai sun girma na auna kowanne, in ga wane hali ya bi ja wane ya bi kore. Korayen nan su ne rabin amsar..."

Ta ɗago tana dariya. "Kin ji, yau ma shinkafa ta fi ni layi." Sai ta ga fuskata. "Inna? Lafiya?"

Na ce, "Na cire."

"Kin cire me?"

"Korayen. Duka."

"Suna ina?"

Na nuna mata turken awaki.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ninke takardar sau huɗu, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na haife ta. Ta ce, "Inna, da gangan kika yi?"

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na ce, "Ni? Ni da na duƙa kwana biyu da wannan bayan?"

"Ba kya son sa, kowa ya sani. Wasiƙar tana cikin kwallarki."

"In karanta da wane ido?"

Ta tashi ta shige ɗaki. Ni da nake zargin mutane, yau ga ni a kwanon zargi, kuma ba ni da shaida sai Allah da awaki.

Ranar Talata Malam Sada ya iso. Maigidan ya tare shi a hanya ya gaya masa. Na bi su daga nesa na laɓe a gindin tsamiya. Ya bi layin nan ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a kowane gurbi, littafinsa a hammata bai ko buɗe ba. Da ya kai ƙarshe ya cire hula ya zauna a kan kunya, cikin taɓo, ya daɗe.

Da suka dawo zaure na ajiye kunya gefe, na yafa mayafi na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Malam Sada, ni na yi, ba wani ba. Alheri na nufa. Ka yafe ni."

Kansa a ƙasa ya ce, "Ba komai Inna. Laifina ne da ban faɗa da bakina ba."

"Jajayen da suka rage ba za su yi ba?"

"Za a samu wani abu. Amma ba abin da zan kai wa manyana in ce ga taswira. Sai an koma farko."

Na dama fura da hannuna, da nono mai kyau, na aika. Kwanon ya dawo yadda ya tafi. Kuma ga abin da ya tsaya mini: bai ce a kira Zahara'u ba. Tana tsaye a bayan zana da atamfar nan, ta ji tashin babur.

Kwana goma sha takwas ba shi ba wasiƙa. Duk ranar da kiya-kiya ta tsaya a bakin kasuwa sai yarinyar ta sami dalilin leƙawa waje. Ta rame, wuyanta ya fito. Batulu ta zo ta wanke ni tas, ta ce na kashe wa ɗiyata aure da hannuna don baƙin hali. Maigidan ba ya faɗa, sai dai ya kunna rediyo in na shigo. Ni kuma raina biyu. Wani ya ce, kin cuci yaro, dole ya yi fushi. Wani ya ce, to ga shi nan, shinkafa ta mutu, soyayya ta bi ta.

Rana ta goma sha tara, bayan azahar, sai ga shi. Farar shaddar nan, da ƙwaryar goro. Suka daɗe a zaure, sannan maigidan ya shigo fuskarsa a sake.

Ya ce, "To, kin ga masu zato. Yaro ya zo da maganar alheri. Manyansa na aiki sun rufe aikin ƙauye, ƙarshen wata zai koma Zariya gaba ɗaya. Wai can akwai ɗaki na gilashi da ake noman shinkafa sau uku a shekara. Iyayensa sun ce kada a jira kaka, a ɗaura nan da mako uku ya tafi da matarsa."

Na ce, "Mako uku? Gadon ma kafinta bai haɗa ba. Katifa ba a cusa ba. Da me zan yi gara, sabuwar shinkafa tana gona?"

"Ya ce duk wannan ba komai, kaya su biyo baya."

"Duka kayan?"

"Me kike nufi?"

Na wuce shi na tsaya a bayan ƙyauren zaure. Na ce, "Malam Sada, sannu da hanya. An ce kaya su biyo baya?"

"I, Inna. Kada a wahalar da ku."

"To madalla. Sai a kai ta da kayan jikinta da buta. Sauran duka, manya da ƙanana, har abin da ke rataye a ɗakina, sai bayan kaka."

Shiru. Ina jin kukan kaza a tsakar gida. Na ƙirga numfashina har biyar kafin ya ce, "Duk yadda kika gani, Inna. Sai dai... abin da ba shi da nauyi, in ya sauƙaƙa..."

Bai ƙarasa ba. Maigidan ya yi gyaran murya ya kawo zancen ruwan bana.

Na koma ɗaki. Ban san ko na kama ɓarawo ba ne, ko kuwa na tsare bawan Allah da aikinsa ya rushe a hannuna yana neman inda zai dafa. Mutum yana iya son mace kuma yana son aikinsa, ai ba haram ba ne. Amma wanne ne a gaba? In ya gama zana taswirarsa fa, ɗiyata ta zama ragowar kaya a garin da ba ta da kowa?

Ina zaune sai ga Zahara'u. Ashe tana bayan zana, ta ji komai. Ta sakaya ƙofa, ta durƙusa a gabana.

Ta ce, "Inna, ki yafe mini maganar da na faɗa miki ranar nan. Na san ba da gangan kika yi ba."

"Ya wuce."

"Kin ɗauka ke kaɗai kika iya ƙirga? Ni ma na ƙirga kwana takwas ɗin nan tun da rani. Na ƙirga sha takwas ɗin nan ma. Kuma na ji shirun da ya yi yanzu."

"To ki bar shi mana."

"Ba zan iya ba. Ina son sa, Inna. Kuma in na bar shi a kan zato, har in mutu ina cewa wataƙila na zalunce shi. In na aure shi a haka, duk ranar da ya yi mini murmushi sai in ce da ni yake ko da gorar."

"To ya kike so a yi?"

Ta ɗaga kai ta dubi inda take rataye a jikin azara, bakinta toshe da toka da tsumma.

"Ki ba shi yanzu. Cikin tafi ɗaya, kyauta, ba aure. Ki ce masa ranar tana nan bayan kaka yadda aka sa. Ya tafi Zariya da abin da yake nema. In kaka ta yi ya dawo, ni ya zo ɗauka, don ba sauran abin da ya rage masa a gidan nan sai ni. In bai dawo ba, gara in sani ina ɗakinki da in sani ina ɗakinsa."

Na ce, "Ke! Kin san abin da kike faɗa? Hannuna a kan gorar nan na ce wa uwata na ɗauka. Ba a ba namiji. Da yunwa ma ban karya ba. In na tashi gobe kiyama in ce mata me?"

"Ki ce mata jikarta ce ta roƙa."

Daga zaure na ji maigidan yana cewa a gaida mutanen Birnin Kudu, na ji an ture babur daga jikin bango. Ta kama ƙafata da hannu biyu, hannun sanyi ƙalau.

"Inna, don Allah. Ki sauko da ita kafin ya tayar."